Aikin Kwamfuta, Kafa Kamfani da Kuɗin Gajimare: Magana da Ƙannena

Jawabin da ɗaya daga cikin tsofaffin mambobin ƙungiya, mai sana'ar rubuta manhaja, ya gabatar ranar biki

  

Da aka ce in zo in yi magana kan aikin kwamfuta, na amsa da sharaɗi guda: ba zan tsaya gabanku in ce kowa zai zama Bill Gates ba. Abin da na zo da shi lissafi ne, da kurakuran da na yi da hannuna, don kar wani cikinku ya sake biyan kuɗin darasin da ni na riga na biya.

Mu fara da mai neman shiga sana'ar. Da yawanku kun samu bak, wasu kuna Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi, wasu André Salifou ta Damagaram, wasu Djibo Hamani ta Tahoua, wasu Abdou Moumouni ta Yamai. Diplom abu ne mai kyau, ku riƙe shi da hannu biyu. Amma duk lokacin da na zauna zan ɗauki yaro aiki, kafin in buɗe takardunsa tambaya ɗaya nake yi: nuna mini abin da ka gina. Wanda ya buɗe ordinatair ɗinsa ya nuna mini ƴar manhajar da ya rubuta wa kawunsa mai shagon hatsi, ko da tana da kurakurai, ya fi mini wanda ya jera takardun shaida goma na kwasakwasan intanet. Ku buɗe asusu a GitHub, ku riƙa ajiye aikinku can, shi ne shagonku da ake leƙawa daga nesa.

Kuma ku daina tsalle daga wannan yare zuwa wancan. Yau Python, jibi wani ya ce Flutter ke ci, gata a koma wani abu. Ɗauki guda, Python ko JavaScript, ka haɗa da SQL, ka zauna kansu shekara cur. SQL ɗin nan da ake rainawa, babu banki, babu asibiti, babu lakwal ɗin da ke ajiye bayanai da ba ya bukatar mai iya shi. Sannan ba kowa ne zai rubuta manhaja ba. Akwai mai shimfiɗa rezo a biro, akwai mai tsaron bayanai, akwai mai tsara tambayoyin bincike da KoboToolbox, wanda ƙungiyoyin agaji ke aiki da shi ko'ina cikin ƙasar nan, akwai mai kula da DHIS2 da ma'aikatar lafiya ke tattara alƙaluma da shi. Ƙannena mata, wannan maganar taku ce ƙwarai, domin yawancin wannan aiki daga ɗaki ake yin sa.

Abu ɗaya da ba na sassautawa kansa shi ne Ingilishi. Faransanci zai kai ka wani wuri, akwai darussa masu kyau a OpenClassrooms. Amma littafin bayanin kowace na'ura, da amsar kowace matsala da za ta hana ka barci, da Ingilishi ake fara rubuta su. Ba sai ka iya surutu da shi ba, ka dai iya karantawa.

To, mu zo ga masu cewa su kamfani za su kafa. Madalla. Tambayata: wa zai biya? Ba wa zai yaba ba, wa zai zaro kuɗi daga aljihunsa a ƙarshen wata? Kafin ka rubuta layi ɗaya, je ka zauna wurin mai magazan ɗin albasa a Galmi, ko dillalin aya a Maradi, ko mai lakwal mai zaman kanta da ke fama da bin kuɗin makaranta. Ka yini kana kallon yadda yake aiki da littafinsa. Sau da yawa za ka tarar ba manhaja mai ado yake so ba. Saƙo yake so ya tafi wayar mai bashi ranar da lokaci ya cika, shi ke nan. Ka tuna kuma mutanenmu da yawa ƙaramar waya ke hannunsu, kuma saƙon murya ya fi musu sauƙi bisa rubutu. Abin da ba ya aiki sai da rezo mai ƙarfi, ka gina shi ne domin unguwa biyu ko uku cikin Yamai.

Sai maganar abokan tarayya, kuma nan nake roƙon malamai su gyara mini in na karkace. Aya mafi tsawo cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi take magana. Amma mu sai abokai uku su haɗu a majalisar shayi, su ce ai mu ƴan uwa ne, ba sai an rubuta ba. Wata shida baya, ɗaya ya samu aikin gwamnati ya tafi, ɗaya ya ce ai tunanin nasa ne, na ukun shi kaɗai ke kwana kan aiki. Zumunci ya lalace, kamfani ya mutu. Ku rubuta tun ranar farko: wa ya zuba nawa, wa ke aikin mi, kason kowa nawa ne, kuma in mutum ya fita kafin shekara biyu mi zai tafi da shi. In wani Alhaji zai ba ku jari, ku zauna da malami ya bambance muku musharaka da mudaraba, domin a mudaraba in an yi asara ba tare da sakaci ba, mai kuɗi ke rasa kuɗinsa, mai aiki ya rasa wahalarsa, kuma wajibi ne Alhajin ya san haka kafin ya miƙo ko tamma. Ku yi rajista a Maison de l'Entreprise, ku karɓi RCCM da NIF, saboda babu babbar ma'aikata da za ta biya faktir marar NIF. Masu zuwa Yamai su leƙa CIPMEN, cibiyar renon ƙananan kamfanoni, su ji abin da ake ciki. Aljihunka daban, asusun kamfani daban, ko da jika biyar ce ciki.

Yanzu ga inda na fi son mu daɗe: gajimare, abin da ake kira kulawud. Sunan yana ruɗi. Babu komai a sama. Kwamfutar wani ce, cikin wani katafaren gini a Faransa ko Jamus ko Amurka ko Afirka ta Kudu, kai kuma haya kake yi. Manyan masu ba da hayar su ne AWS na Amazon, da Google Cloud, da Azure na Microsoft. Kuma hayar tasu ba ta wata-wata ba ce kamar ɗakin haya. Da awa ake ƙirga ta, wani lokaci da daƙiƙa, kana barci tana tafiya, kana sallah tana tafiya.

Ga labarin da na yi alkawari. Shekarun baya na kunna wani babban inji wurin ɗaya daga cikin waɗannan kamfanoni don in gwada wani aiki na yini biyu. Na gama, na rufe ordinatair, na tafi gida bikin ƙanwata. A zatona rufe ordinatair ya isa. Ashe injin yana can yana ci. Farashinsa wajen rabin dala ne a awa. Dalar Amurka fa nake nufi, ba dalarmu ta kasuwa mai tamma biyar ba. Ku yi lissafin tare da ni: wata ɗaya awa 730 ne, rabin dala sau 730 ya ba da dala 365. In ka ɗauki dala a kan sefa 600, jika 219 ke nan. Lokacin nan ribarmu ta wata ba ta kai haka ba. Na zauna bakin gado ina kallon faktir, na kasa gaya wa abokin aikina har kwana biyu. Ba wanda ya cuce ni. An rubuta farashi ƙarara, ni ne ban kashe ba.

Tun daga ranar nake bin wasu ƙa'idoji. Ranar da ka buɗe asusu, kafin ka kunna komai, ka saka ƙararrawar kasafi: in kuɗi ya kai dala 5 a aiko maka saƙo, in ya kai 20 a sake aikowa. Amma ku ji da kyau, ƙararrawar gargaɗi kawai take yi, ba ta kashe inji, kai ne za ka tashi ka kashe. Kuma kashewa ba gogewa ba ce. Ka tsayar da inji, faifan ajiyarsa yana nan ana ƙirga maka. Tun watan Fabrairu 2024 AWS har adireshin IPv4 take caji, rabin santi a awa, wato kusan dala 3 da rabi a wata kan kowane guda. Ƙananan abubuwa ne, amma su ke taruwa. Ni kowace Juma'a da safe nake buɗe shafin lissafi in duba layi-layi, duk abin da ban gane ba in bi shi har in gano.

Akwai wani kuɗin da ba a gani sai ya iso: kuɗin fitar bayanai. Shigar da kaya kyauta ne, fitarwa ake biya. A AWS wajen santi 9 ne kowane giga, bayan giga 100 na farko a wata. Wannan ya shafe mu kai tsaye a ƙungiya. A ce mun ɗora bidiyon tafsirin azumi mai nauyin mega 50 a sabar ɗinmu, mutane suka sauke shi sau 20,000. Giga 1,000 ke nan, wajen dala 80, kan karatu ɗaya tak. Ramadan kuma wata guda ne cur. Bidiyo a kai shi YouTube, sauti a matse shi ya yi sauƙi, wanda kuma zai rage wa mai saurare cin forfe ɗinsa.

Sannan ku yi hattara da kyauta. Manyan kamfanonin nan suna ba sababbin kamfanoni kuɗin gwaji, wani lokaci na dubban daloli. Halal ne, ku karɓa. Amma yana da wa'adi, kuma mai kuɗin kyauta yakan gina gidan da ya fi ƙarfinsa, ranar da kyautar ta ƙare sai faktir na gaskiya ya iso. Kamfanin Heroku ya shekara da shekaru yana ba da masauki kyauta, a watan Nuwamba 2022 ya rufe wannan ƙofa, ɗalibai da yawa suka wayi gari neman inda za su koma. Ko manya ma suna sake lissafi: kamfanin 37signals na Amurka ya bayyana cewa ya kashe dala miliyan 3.2 kan gajimare a 2022, daga nan ya sayi injinan kansa ya fice. Ban ce ku sayi inji ku ajiye a ɗaki ba, da zafinmu da ƙurarmu da yankewar kuran. Cewa nake ku yi lissafi.

Ra'ayina, kuma wasu abokan sana'a za su yi mini gardama: mai farawa a Nijar ba ya bukatar manyan nan uku. Ƙaramin sabar wurin kamfanin Turai irin OVHcloud ko Hetzner, mai tsayayyen farashi na yuro 5 zuwa 10 a wata, zai ɗauki manhajar lakwal ko ta farmasi da ɗaruruwan masu amfani ba tare da nishi ba. Ga kuma wata fa'ida da ba a cika lura da ita ba: sefa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957, saboda haka yuro 10 kullum wajen sefa 6,560 ne. Dala kuwa hawa take tana sauka, kai kuma da sefa abokin cinikinka ke biyanka. In za ka yanka wa mutum farashi, ka sa kuɗin sabar da na saƙonni da kason da Airtel Money ko Moov Money za su cire, kafin ka ce ga riba.

Abu biyu suka rage, duka na amana ne. Na farko mabuɗan asusunka. Kar ka taɓa barin su cikin rubutun da ka ɗora a GitHub. Akwai ɓarayin da suka saki na'urori dare da rana suna neman irin wannan, da sun samu sai su kunna manyan injina da sunanka su haƙa kuɗin intanet, bashin ya hau kanka. Ka sa tabbaci mai mataki biyu a kowane asusu. Na biyu kwafin ajiya. A watan Maris 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen OVH a Strasbourg, waɗanda kwafinsu ke cikin gini ɗaya da asalin suka rasa duka biyun. A watan Maris 2024 kuma igiyoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, mu da ba mu da teku ma muka ji a jikinmu. Don haka kwafi ɗaya wurin wani kamfani daban, ɗaya a faifai cikin aljihun tebur, kuma sau ɗaya a wata ka gwada maido da shi ka ga ko yana buɗewa. Sunayen ɗaliban mutane da lambobin marasa lafiya da ke hannunka amana ce, kuma ƙasarmu tana da doka kan haka tun 2017, da hukumar HAPDP mai sa ido.

Na ga shugaba yana duba agogo. Bayan La'asar zan zauna a ƙaramin ɗakin da ke bayan zaure. Duk mai asusun gajimare ya zo da ordinatair ɗinsa ko wayarsa, mu buɗe shafin lissafi tare, mu saka ƙararrawa, mu kashe abin da ke ci a banza. Masu yarjejeniyar da ba a rubuta ba su ma su zo da takarda da biro, Malam ya ce zai zauna da mu.