Hawan Jini Da Ciwon Zuciyar Mai Jego

   

Ya ku 'yan'uwa, duk lokacin da muka ambaci zuciya a majalisi irin wannan, hadisin Nu'umanu ɗan Bashir muke kawowa, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, mai nuna cewa gyaruwar jiki da ɓacinsa sun rataya ne a kan tsoka guda. Malamai sun yi sharhinsa a kan imani da niyya, kuma haka yake. To, amma yau ita tsokar kanta za mu duba, domin muna ta binne iyayenmu da matanmu saboda ciwonta, sa'an nan mu dawo daga maƙabarta muna zargin maƙwabta da jifa ko sammu.

Kada wani ya ce wannan ilmin Turawa ne. Ibnun Nafis, likita kuma masanin fiƙihun Shafi'iyya, wanda ya rasu a Alƙahira a 1288, shi ne ya fara bayyana cewa jini yana ratsa huhu kafin ya isa ɓangaren hagu na zuciya.

Zuciya tana da ɗakuna huɗu, tana kuma bugawa kimanin sau 100,000 a yini da dare. Ɗakin ƙasa na hagu shi ke tunkuɗa jini zuwa dukkan jiki. Idan awon jinin mutum ya riƙa kaiwa 140 bisa 90 ko ya haura, ba sau ɗaya ba, to, yana da hawan jini, watau wannan ɗaki yana turi ne da ƙarfin da ya wuce kima. Kun ga damtsen maƙeri yadda yake kauri saboda dukan ƙarfe? Haka bangon zuciya yake yi. Sai dai kaurin damtse ƙarfi ne, kaurin zuciya kuwa illa ne. Bangon yakan sandare, ɗakin ya kasa cika yadda ya kamata, tsokar ta buƙaci jinin da jijiyoyinta ba su iya kai mata. Bayan shekaru sai ta gaji, wata ta saki ta buɗe kamar tsohuwar salka. Daga nan ruwa ya taru a huhu, mutum ya kama haki, ƙafafu su kumbura, ya zama ba ya iya barci sai a jingine. Wani kuma jijiya ce za ta toshe ko ta fashe a ƙwaƙwalwarsa, ɓarin jiki ya shanye, a ce aljani ya taɓa shi. Mafi yawan masu hawan jini ba sa jin komai a farko. Awo kaɗai ke tona shi.

Akwai wani nau'in ciwon tsokar zuciya da ya fi addabar yankinmu, wanda ke kama mace a ƙarshen goyon ciki ko cikin watannin farko bayan haihuwa. A shekarun 1970 likitoci biyu, Davidson da Parry, sun yi nazarinsa a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, suka danganta yawansa da al'adun jego: wanka da tafasasshen ruwa safe da yamma har kwana arba'in, kwanciya a gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi, da shan kunun kanwa. A 2020 kuma binciken da Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta ya samu kimanin mace ɗaya cikin kowace haihuwa 100 a Arewa maso Yamma, amma bai tabbatar da cewa al'adun ne sanadi ba. Abin da ya fi fitowa shi ne rama, da talauci, da rashin karatu, da hawan jini na masu ciki.

Adalci ya sa muka kawo maganganun biyu, domin bai halatta mu ƙara wa hujja gishiri don mu yaƙi wata al'ada ba. Amma abu biyu sun tabbata. Kanwa tana ɗauke da sinadarin sodiyam, irin wanda ke cikin gishiri da dunƙulen miya, shi kuwa yana riƙe ruwa a jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya kai giram 5 na gishiri a yini, kusan ƙaramin cokalin shayi ke nan. Matar da zuciyarta ta riga ta raunana, a ɗura mata kanwa, an ɗora wa gajiyayye kaya. Na biyu, wankan da shari'a ta wajabta wa mai biƙi guda ɗaya ne, idan jini ya ɗauke. Sauran duk al'ada ce, al'ada kuwa ba ta da hurumi idan ta zo da cuta.

A nan laifin ya dawo kanmu, mu maza. Idan rama tana cikin sababin, to, ina nafaƙar da Allah Ya ɗora mana? Mutum ya ci bashi ya sayi ragon suna da turamen zane, amma kuɗin motar zuwa awon ciki ya gagara! Wani kuma kunyar mahaifiyarsa ko surukarsa ce ke hana shi magana, yana kallon mai jego tana haki ana cewa sanyi ne, a ƙara wuta. Ladabi ga iyaye wajibi ne, a yi musu bayani da tausasawa, amma a ɗauki yarinyar nan a kai ta asibiti a ranar. Wadda aka tabbatar tana da ciwon kuma kada a gaggauta mata wani ciki sai likita ya duba zuciyarta, domin yana iya dawowa da tsanani.

Masu shan maganin hawan jini, kada ku daina don kun ji sauƙi, saukin daga maganin yake. Ruƙya da addu'a ba sa hana shan ƙwaya, neman magani kuma ba ya warware tawakkali. Kafin azumi ya kama a je a tambayi likita yadda za a mai da shan maganin zuwa sahur ko buɗa-baki. Wanda likita amintacce ya ce azumi zai cutar da shi, ya karɓi rangwamen da Allah Ya yi wa maras lafiya.

Muna roƙon kwamitocin masallatanmu su nemi na'urar awon jini ko da guda ɗaya ce, a samu ma'aikacin lafiya daga cikin 'yan'uwa ya riƙa auna jama'a bayan sallar Juma'a, a samu mace ta yi wa mata a makarantun Islamiyya.