Wasa da Tambaya a Ajin Farko

 

Duk wanda ya ratso ta kasuwar Wunti a Bauchi ya ga yarinya ƴar shekara bakwai da farantin gyaɗa a ka. Miƙa mata ɗari biyar ka sayi ta ɗari da hamsin, kafin ka gama lissafi ta ba ka canjinka cif. Washegari ita ce a aji biyu, an rubuta lissafin nan a allo, ta yi tsuru-tsuru, a ce ba ta da ƙwaƙwalwa. Ba talla nake yabo ba, wurin yarinyar nan makaranta ne. Abin da ke damuna shi ne mun sa ta ajiye saninta a ƙofar aji.

Ku dubi ƴan mata suna carafke. A cilla dutse sama, a kwashi na ƙasa ɗaiɗai, sannan bibbiyu, sannan uku-uku, a cafe na saman kafin ya faɗo. Ƙidaya ce, da jiran juna, da haƙuri idan an faɗi. Yaron da ke haɗa motar kara, ya yanko taya daga tsohon silifa, ya ga ba ta juyawa, ya kwance ya sake, bincike yake yi. Amma da ya shiga aji sai "ku maimaita", sai "rufe mana baki". Bayan zango ɗaya ya daina ɗaga hannu, mu kuma mu ce ya yi hankali.

Bauchi ba baƙuwar wannan magana ba ce. A 1942 Malam Aminu Kano ya zo koyarwa a makarantar Midil ta Bauchi, inda Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa yake malanta. Malam Aminu yakan shirya wasan kwaikwayo da ɗalibansa, kuma ba a ce ya zubar da girman malanta ba. Dokar UBE ta 2004 ma ta sa kula da yara tun kafin firamare cikin ilimi na bai-ɗaya.

Na san ajin da ke da yara sun haura ɗari, malama ɗaya, babu benci. Na san wuyar. Amma tsakuwa ba a saye, kara ma haka. Roƙona ga shugabannin makarantu: kada a cinye lokacin tara da shara da aike. A gayyato wata kaka daga unguwa ranar Alhamis ta yi tatsuniya, a bar yaran su tambaye ta dalilin da Gizo ya yi abin da ya yi. Idan kuma yaro ya yi tambayar da malam bai san amsarta ba, a rubuta ta a gefen allo, a ce kowa ya tambayo a gida, gobe a ji.