Tafiya Mabuɗin Ilimi: Mu Leƙa Nalerigu

 

Yau za mu fara da wata ƙasa mai nisa. Can cikin duwatsun Himalaya, tsakanin Indiya da Sin, akwai 'yar ƙaramar masarauta ana ce mata Butan. Mutanenta ba su kai miliyan ɗaya ba, galibinsu mabiya addinin Buda ne. Babban birninta Timfu yana kan tudu mai tsawon sama da mita 2,300, kuma har yau babu fitilar ba da hannu a titunansa, ɗan sanda ne ke tsayawa yana ba motoci hanya. Sai a 1974 ƙasar ta buɗe ƙofa ga masu yawon buɗe ido. Duk da haka, baƙon da ya fito daga nesa sai ya biya harajin dala 100 a kan kowane kwana da ya yi, ban da kuɗin masauki da abinci. Mutane kuwa suna biya. Me suke zuwa gani? Fadar sarki, tsofaffin gine-gine, duwatsu, da al'ummar da ta riƙe kayanta da daraja.

To jama'ar Tamale, mu ma muna da masarauta a kan tudu, kuma ba a neman biza. In ka hau mota a Tamale da safe ka bi hanyar Bolgatanga, ka ratse gabas a Walewale, kafin azahar kana Nalerigu, gidan sarautar Mamprugu. Nan Nayiri yake zaune, sarkin Mamprusawa, kuma tun 2019 garin ne hedikwatar sabuwar jihar Arewa maso Gabas ta Gana.

Wannan sarauta ba ta jiya ba ce. Makaɗan fada, waɗanda su ne taskar tarihi a wannan yanki, suna kai asalinta ga Tohaziye, jan maharbi, wanda ake cewa ya ɓullo ne ta wajen Zamfara. Daga zuriyarsa aka sami Na Gbewa, wanda ya zauna a Pusiga kusa da Bawku. 'Ya'yan Gbewa suka rarrabu: Tohugu ya kafa Mamprugu, Sitobu ya kafa Dagbon, wato ƙasar da muke zaune a cikinta. Su ma Mosawan Burkina Faso suna danganta kansu da gimbiya Yennenga, wadda ta fita daga Gambaga, maƙwabciyar Nalerigu, a kan doki. Har babbar kyautar bikin fina-finan Afirka da ake yi a Wagadugu da sunanta ake ba da ita. Ana kuma kallon Nayiri a matsayin babban wa a cikin wannan dangi.

Mu Hausawa ma muna da rabo a labarin. Ayarin fatake da ke tasowa daga Kano da Katsina zuwa Salaga neman goro, da jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da kayan fata, wasunsu ta Gambaga suke bi su yada zango. Tare da su malamai suka shigo, aka sami masallatai da limamai. Ko Turawan Ingila a Gambaga suka ajiye hedikwatar mulkin arewa, kafin su dawo da ita Tamale a 1907.

In ka isa, me za ka gani? Da farko akwai ganuwar Na Jeringa, wadda wani tsohon sarki mai wannan suna ya gina da ƙasa da tsakuwa. Dattawa na cewa har da madara da zuma aka kwaɓa. Wasu sun ce don tsare gari daga mahara aka yi ta, wasu sun ce sarkin ya so ne ya bar abin da za a riƙa tunawa da shi. Abin da ya rage nata kaɗan ne, ruwan kowace damina kuma yana rage shi. Sai tudun Gambaga. In ka ƙarasa Nakpanduri ka tsaya a bakin dutsen, za ka ga ƙasa ta shimfiɗe a ƙarƙashinka iyakar ganin ido. Lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen damina, wajen Oktoba da Nuwamba, kafin hazon hunturu ya rufe sararin sama. Wanda kuma ya dace da lokacin Damba, a watan Maulidi, zai ga hawan dawaki da kiɗan fada.

Sai dai a kula da ladabi. Ba a faɗa wa fada kai tsaye. Nemi dattijon da zai yi maka iso. Riƙe goronka na gaisuwa. Cire takalmi, ka durƙusa, ka yi yadda ka ga 'yan gari suna yi. Sarakunan nan a kan fata suke zama, fatar kuwa ita ce alamar sarauta, kada ka kusance ta. Kada ka ɗaga waya ka ɗauki hoto sai an ba ka izini. A wurin ganuwa kuma, don Allah ban da hawa, ban da ɓantarar ƙasa a tafi da ita, ban da rubuta suna.

Malaman makarantun boko da na Islamiyya, ga shawara: a haɗa kuɗin mota ɗaya a kai yara, su ji tarihi daga bakin masu shi. Gani ya kori ji. Kuɗin da za ku kashe a can, mai abinci da ɗan jagora da direba ne za su amfana, su kuma 'yan gari za su ƙara sanin cewa abin da ke hannunsu ya cancanci tsaro.

Nan za mu dakata. Allah Ya kiyaye hanya, Ya kai mu mako mai zuwa lafiya. Wassalamu alaikum.