Jawabin Shugabar Mata kan Haraji da Albashi

Iyayena da 'yan uwana matan Birnin Gwari, masu ɗinki, masu abinci da masu injin niƙa.

Sabuwar dokar haraji ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2026. Wanda samunsa bai wuce naira 800,000 a shekara ba, babu harajin kuɗin shiga a kansa. To, yarinyar da kike biya dubu 30 a wata, kar ki yanke mata ko kwabo. Mai albashi babba kuwa, ki cire harajinsa ki biya hukumar KADIRS kafin 10 ga watan da ke biye.

Ki ajiye littafin ciniki da albashi. Ba rasit, ba biya.

A tura wa sauran mazaɓu. Allah ya zaunar da mu lafiya.