Jawabi A Kan Ƙasar Jigawa, Da Yadda Mutum Zai San Cikin Gonarsa

Yau zancenmu a kan gonar tudu ne, watau gonar da ba ta da ruwa sai na sama, wadda mu a ƙasar Kano da maƙwabtanta mu ke kira jigawa. Zancen fadama da lambu sai wata rana. Na sani cikinku babu wanda zan koya wa riƙon hauya, gama waɗansunku sun yi noma tun ba a haife ni ba. Abu ɗaya kurum na zo da shi. Ko wane manomi ya san fuskar gonarsa sarai, amma kaɗan ne suka taɓa duba cikinta. Alhali kuwa abin da ke can ƙarƙashi shi ke sa hatsi ya yi ko ya ƙi.

Ga misali. Mutum biyu su na da gona iyaka ɗaya. In ka duba da ido, duk rairayi ne iri ɗaya. Sun yi shuka rana ɗaya, sun yi noma tare. Ana tsakiyar damina sai ruwa ya ɗauke kwana goma sha biyar. Dawar ɗaya ta nannaɗe ganye, ta ɗayan kuwa ta na nan kore shar. Mutane su kan ce sa'a ce, ko su ce iri ne. Sau da yawa ba haka ba ne. Da za a tona ƙasa, da an ga dalili. Mutanen da sun ce, ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba.

Asalin jigawa

Ƙarƙashin yawancin ƙasar Kano da ta Zazzau akwai tsohon dutse mai tauri, irin wanda ku ke gani ya ɓullo a Kufena kusa da Zariya. Ruwa da zafin rana su na cin dutsen nan sannu sannu har ya ruɓe ya zama ƙasa. Amma rairayin da ke bisa, yawancinsa baƙo ne, iska ce ta kawo shi. Fiye da shekara 10,000 da suka wuce an yi wani dogon zamani na fari, hamada ta matso kudu, iska ta yi ta tara rairayi tudu tudu. Da ruwa ya komo, ciyawa da itatuwa suka fito suka riƙe shi. Wanda ya bi ta Jahun zuwa Haɗejiya ya ga dogayen tuddan nan, sun miƙe daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma, yadda iskar ta ke busowa. Da sunansu aka kira Jihar Jigawa sa'ad da aka yanke ta daga Kano a 1991.

Iska ta kan fara yar da mai nauyi, ta wuce da marar nauyi. Don haka ne rairayin Gumel da Daura ya ke da yawa, ƙasar Zariya kuwa ta fi laushi da danƙo. Har yanzu aikin bai ƙare ba. Ƙurar hunturu da ke rufe mana rana, da yawa daga cikinta daga wani kwari ta ke tasowa a ƙasar Chadi, sunansa Bodele, arewa maso gabas da Tabkin Chadi. In ta sauka a gona ta na ƙara mata abinci kaɗan.

Ƙwayoyi uku

Ko wace ƙasar noma gauraye ce ta ƙwayoyi iri uku. Na fari rairayi, wanda ido ke gani, hannu kuma ya ji kaushinsa. Mafi girmansa milimita 2 ne, watau kusan ƙwayar gero. Na biyu garin ƙasa, mai laushi kamar garin tuwo da aka tankaɗe. Na uku yumɓu, irin wanda a ke ginin tukwane da shi. Ƙwayarsa ƙanƙanuwa ce ainun, sai an jera fiye da 500 kafin su cika milimita ɗaya.

Ko wanne da halinsa. Rairayi ba ya riƙe ruwa, kamar rariya ya ke, amma iska ta na shiga cikinsa, saiwa ta na ratsa shi ba wahala. Yumɓu ya na riƙe ruwa da abincin shuka, amma in ya yi yawa sai ya kama hauya da damina, ya tsage da rani. Garin ƙasa ya na tsakani, sai dai in ruwa mai ƙarfi ya doke shi ya kan yi ɓawo a bisa, har tsiro ya kasa fasa shi. Jigawa ta sosai, kashi 80 ko 90 cikin ɗari nata rairayi ne. Ruɓaɓɓen ganye da taki da ke cikinta, waɗanda ke ba ƙasa duhu, yawanci ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari ba.

Ga lissafin da ya kamata ku riƙe. Rairayi mai zurfin mita ɗaya, watau kamar kamu biyu, ruwan da zai ajiye wa shuka bai wuce milimita 50 zuwa 100 ba. Hatsi kuwa in ya girma ya kan sha wajen milimita 5 a yini. Kun ga ke nan ajiyar ba ta fi ta kwana goma zuwa ashirin ba. Ƙasar da ke da yumɓu daidai gwargwado ta kan ajiye kusan biyun wannan. Bambancin gonakin mutum biyun nan ke nan.

Gwaji da hannu da kwalba

Ɗebi ƙasa cike da tafin hannunka, ka yayyafa mata ruwa, ka dunƙule. In ta ƙi dunƙuluwa, rairayi ne zalla. In ta dunƙulu amma ta wargaje da ka taɓa ta, rairayi ne da yumɓu kaɗan. In ta yarda ka murza ta kamar igiya, yumɓun ya yi dama. In kuwa har ka lanƙwasa igiyar ta zama zobe ba ta karye ba, to, wannan laka ce, ba jigawa ba.

Wanda ya ke so ya gani da idonsa, sai ya nemi farar kwalba, ya zuba ƙasa har sulusinta, ya cika da ruwa, ya sa garin sabulu kaɗan, ya girgiza ƙwarai, sa'an nan ya ajiye. Kafin minti biyu rairayi ya kwanta a gindi. Bayan kamar awa biyu garin ƙasa ya kwanta bisansa. Yumɓu kuwa sai ya kwana ɗaya ko biyu. Daga nan sai ka auna kaurin ko wanne da tsinke, ka san rabon gonarka.

Haƙa rami

Amma gwajin da ya fi duka shi ne rami. Bayan an yi girbi, tun ƙasa da sauran danshi, ka haƙa rami a tsakiyar gona, zurfinsa kamu biyu. Ka gyara bango ɗaya da wuƙa, ka tsuguna ka duba. Za ka ga ƙasar hawa hawa ce, kamar ginin da aka yi da tubali iri iri. Abu huɗu za ka lura da su.

Na fari, kaurin baƙar ƙasa ta bisa. Nan ne abincin shuka ya fi yawa. In ta kai taƙi guda, gonar ta na da rai. In ba ta fi yatsa biyu ba, ta gaji.

Na biyu, launi. Ja alama ce ta tsatsar ƙarfe, ya na kuwa nuna ruwa ba ya kwanciya a wurin. In ka ga toka-toka da ɗigo ɗigo na ja da rawaya, ruwa ya kan daɗe a nan da damina, saiwa ba ta samun iska.

Na uku, wurin da yumɓu ya soma. Ka riƙa gwadawa da hannu daga bisa har ƙasa, taƙi taƙi.

Na huɗu, iyakar da saiwa ta kai. In ka ga saiwoyi sun kai wani wuri sun karkata gefe, akwai abin da ya tare su.

In ka gama sai ka cike ramin, kada yaro ko dabba su faɗa. Ka fara mai da ƙasar can ciki, ta bisa ta koma bisa.

Iri uku na ƙasar tudu

Masana su na rarraba ƙasa kamar yadda mu ke rarraba dawa, mu ce wannan farfara, wannan kaura. A 1974 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fito da tsarin sunayen ƙasar noma na duniya duka. A 1998 aka sabunta shi, yanzu manyan rukunansa 32 ne. Da abin da aka gani cikin rami a ke ba ƙasa suna, ba da fuskarta ba. Uku daga cikin rukunan nan su ne suka fi shafar gonakinmu na tudu.

Ta fari, jigawa mai zurfi, rairayi tun daga bisa har gindin ramin. Masana su na kiranta Arinosol, daga kalmar Latin mai nufin rairayi. Ta na da sauƙin noma, ana iya shuka a kanta da ruwan fari. Ita ce ƙasar gero da wake da gyaɗa. Don sauƙinta ne gyaɗa ta yi ta bunƙasa a ƙasar Kano tun daga 1912, bayan hanyar jirgin ƙasa ta iso birni. Aibinta shi ne saurin ƙishirwa da saurin yunwa.

Ta biyu, wadda ke da rairayi a bisa, amma in an yi zurfin taƙi ɗaya ko biyu sai a tarar da jan yumɓu, irin wanda mu ke kira jangargari. Sunanta wurin masana Liksisol, watau wankakkiya, gama ruwa ne ya yi ta wanke yumɓu daga bisa ya tara shi a ƙasa. Wannan yumɓu kamar randa ya ke a ƙarƙashin gona. Dawa da masara da auduga sun fi son ta. Irinta ta na da yawa daga kudancin Kano zuwa Zazzau.

Ta uku, wadda ke da tsakuwa ko marmara kusa da bisa. Masana su na ce mata Filintosol, daga kalmar mutanen Girka mai nufin tubali. Marmara tun ta na ɓoye cikin danshi wata ta kan tonu da hauya, amma in ta fito fili ta jiƙe ta bushe sau da yawa, sai ta ƙeƙashe, ba ta sake yin taushi. Ita ce ku ke gani a bisa Dutsen Dala. Gonar da ke bisa marmara, arzikinta duka shi ne 'yar ƙasar da ta rufe ta. In zaizaya ta kwashe wannan, saura fako, ƙasa kuwa sai ta yi shekaru ɗaruruwa kafin ta ƙaru da inci ɗaya.

Abin da ya kamata a yi

Mai jigawa mai zurfi, kada ya zuba takin zamani duka lokaci ɗaya, gama ruwa zai wanke shi ya wuce inda saiwa ta ke. Ya raba shi biyu, ya kuma binne shi, kada ya bar shi a fili. Abin da wannan ƙasa ta fi bukata shi ne takin gida da toka da kashin shanu, domin su ne ke yi mata aikin yumɓun da ta rasa. Kakanninmu sun san haka. Shi ya sa su ke ɗauko takin birni da jakuna cikin mangala, su ke kuma roƙon Fulani su sauka a gona da rani. Wani masani, Michael Mortimore, ya bi gonakin kewayen Kano tun daga shekarun 1960, ya tarar ana nomansu ko wace shekara ba hutu, ba su kuwa mutu ba, saboda taki. Ku riƙa sa wake da gyaɗa cikin hatsi, gama 'yan ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwarsu su na tara wa ƙasa abinci daga iska. Kada ku sare gawo. Da damina ya ke kaɗe ganyensa, don haka ba ya tare wa hatsi rana, ganyen kuma ya zama taki. In kun ga wuta-wuta ta yi yawa, gonar ce ke gaya muku ta na jin yunwa.

Mai jangargari a ƙarƙashi, abin da zai tsare shi ne ruwa ya shiga ƙasa, kada ya gudu. Ya ja kunya a gicciye, kada ta bi gangare. Mai marmara kuwa, ya jera duwatsu ko ya bar layin gamba a gicciyen gangare don su tare ƙasa. Wurin da ya riga ya zama fako ma ba a fid da rai. Manoman Tawa a ƙasar Nijar su na haƙa ƙananan ramuka a fako, su na kiransu tassa, su zuba taki cikin ko wanne, su shuka gero a ciki, ya kuwa yi.

Daga ƙarshe, in za ka sayi gona ko ka karɓi jingina, roƙi mai ita ya bar ka ka haƙa rami ɗaya ko biyu tukuna. Aikin rabin yini ne. Wanda ya biya kuɗi bai tona ba ya yi cinikin biri a sama. In ka na son ƙarin bayani, ɗebi ƙasa daga ko wane hawa, ka ƙulle dabam dabam, ka nuna wa malamin gona. Akwai ma'aikatar binciken aikin gona a Samaru kusa da Zariya, wadda ta soma tun 1922, ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, awon ƙasa ya na cikin ayyukanta.

Yanzu da kun iya karatu da rubutu, ko wannenku ya nemi ɗan littafi, ya rubuta abin da ya gani cikin ramin gonarsa, da takin da ya zuba, da damin da ya samu. Bayan shekara uku littafin nan zai gaya masa abin da ba wani malami da zai iya gaya masa. Iyakar jawabina ke nan.