Tasbihi Ɗari Kafin Barci

Jawabin da ɗaya daga cikin iyayen ƙungiya ta gabatar a taron zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu

Iyayena, yayyena da ƙannena na Rano da Kibiya, da waɗanda suka yi sammako tun daga Rurum da Tarai da Saya-Saya, sannunku da zuwa. Ma'aji ta karanto mana lissafin shekara, Allah Ya ƙara albarka. Ni kuwa a kan kwanciyar hankali zan yi magana, domin na taɓa rasa ta.

Bara waccan na karɓi rancen ƙungiya na sayi gyaɗa buhu 4. Ashe ɗakin da na ajiye ta yana yoyo, kafin in farga buhu 2 sun yi fumfuna. Daga ranar barci ya ƙaurace mini. Kowa ya kwanta, ni ina ta lissafi har kiran assalatu. Da rana kuwa abu kaɗan sai faɗa, jikokina ma suka riƙa gudu na. Na daina zuwa taro don kunyar haɗa ido da ku.

Malamarmu ta Islamiyya ce ta lura da ramar da na yi. Ta zaunar da ni, ta tuna mini labarin Nana Faɗima, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito. Dutsen niƙa ya yi mata kanta a hannu, ta je neman mai aiki wurin mahaifinta, Sallallahu alaihi wa sallam. Sai ya zo ya same su ita da Sayyidina Aliyu sun kwanta, ya koya musu abin da ya ce ya fi musu mai aiki: in za su yi barci su ce Subhanallah sau 33, Alhamdulillah sau 33, Allahu Akbar sau 34. Sayyidina Aliyu bai taɓa barinsa ba, har a daren yaƙin Siffin.

Jama'a, wannan ai maganarmu ce. Wace ce a nan hannunta bai san taɓarya da murza tunkuza ba?

A daren na fara. Ba zan ɓoye muku ba, makon farko bakina yana tasbihi, zuciyata tana wurin gyaɗa. Malama ta ce in tunani ya gudu kada in ji haushin kaina, in dawo da shi in ci gaba. A hankali sai na ga numfashina yana sauka, wani lokaci ban san sanda barci ya ɗauke ni ba. Aya ta 28 a Suratur Ra'adi ta riga ta gaya mana inda zukata ke samun natsuwa, wato wurin ambaton Allah.

Mai son farawa, ga yadda nake yi. In yi alwala, in kashe rediyo, in kife waya. In zauna a bakin gado, in ƙirga da gaɓoɓin yatsu ko da carbi, ba gaggawa, ina tuna ma'anar abin da nake faɗa. Minti 5 ya isa. Mai jego da mai fashin salla duk za su iya. Kada ki ɗebo da yawa ki gaji a kwana 3. Nana A'isha ta ruwaito cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne mai ɗorewa, ko da kaɗan ne.

Amma ku ji ni da kyau. Mai hawan jini ta ci gaba da shan maganinta, wadda damuwa ta yi wa yawa ta je asibiti. Bashi kuma sai an biya. Ni dai da hankalina ya kwanta na samu ƙarfin zuciyar zuwa wurin kwamiti na faɗi gaskiya, aka yanka mini biya kaɗan-kaɗan, kuma na gama kafin kakar bana.

Roƙona ɗaya ne. Kowace ta fara yau da daddare, kuma in kika ga kujerar 'yar'uwarki ba kowa taro biyu a jere, ki saka mayafi ki je ki dubo ta.

Allah Ya ba mu natsuwa, Ya rufa mana asiri, Ya maimaita mana. Wassalamu alaikum.