Manhajar Da Ba A Kulle Ta Ba: Jawabi Ga Mutanen Wurma



Kowa a nan ya san injin niƙa. To, a ce an sayar maka da inji, amma an like murfinsa da walda, an kuma sa ka yi alkawari ba za ka buɗe ba, ko da haƙori ɗaya ne ya karye, sai ka jira kamfani. Haka yawancin manhajar kwamfuta take, watau umarnin da ake rubuta wa na'ura don ta yi aiki. Kuɗinka ka biya, amma mabuɗi yana hannun wani.

A 1983 wani Ba'amurke, Richard Stallman, ya ƙi yarda da wannan, ya soma aikin da ya kira GNU. A 1991 kuma wani ɗalibi a ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fito da Linux. Sharaɗinsu shi ne kowa yana da iko ya yi aiki da manhajar, ya duba cikinta, ya gyara, ya ba maƙwabcinsa, ba wanda zai ce ya yi sata. Kada ku zaci abin nesa ne. Wayar Android da ke aljihunku a kan Linux aka gina ta. DHIS2 kuwa, wadda hukumomin lafiya na Nijeriya ke tara lissafin asibitoci da ita, buɗaɗɗiya ce.

Ga abin da ya kawo ni. Ran 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 yadda ya saba, tsofaffin kwamfutoci da yawa kuwa ba su iya ɗaukar Windows 11. Malaman makaranta, kada ku jibge su a sito ƙura ta cinye. A sa musu Linux, a haɗa da LibreOffice don wasiƙu da lissafi, lalle yara za su ci gaba da koyo. Ya fi kwafin sata na kasuwa, wanda sau da yawa da cuta yake zuwa.

Ban ce babu wahala ba. Hannun da ya saba da wani abu sai ya yi 'yan kwanaki yana lalube, mai sa manhajar kuma dole a biya shi ladan aikinsa. Amma ga Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011. Ɗanku da ke karatun kwamfuta can yana iya zama wannan mai gyara, kuɗin kuwa ya tsaya a gida.

Kafin a taɓa kowace na'ura, a fara kwashe takardun da ke cikinta a ajiye a filashi.